Kuɗin Mai Kuɗi Da Basirar Mai Sana'a: Manhajar Ta Wa Ce?

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, mas'alar da za mu duba a wannan mako ta shafi wata sana'a ce da iyayenmu ba su sani ba. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a shekarar 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, samari masu ilimin kwamfuta suka yawaita a wannan yanki namu, tun daga Dutsin-Ma har Kurfi da garuruwan da ke kan hanyar Katsina. Daga shekarar 2015 kuwa, da aka mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan a kan kwamfuta, har uban da bai taɓa zama a aji ba ya san cewa wannan na'ura ta shigo cikin al'amarin 'ya'yansa. Yau mai makarantar kuɗi yana son shafin intanet, mai kantin magani yana son manhajar da za ta riƙa yi masa lissafin kaya, ƙungiyar manoma tana son inda za ta ajiye sunayen 'ya'yanta. Duk waɗannan sai sun nemi wanda ya iya, sun yi ciniki da shi.

Surar mas'alar ita ce kamar haka. A ƙaddara wani mai makaranta a Kurfi ya kira wani saurayi daga Dutsin-Ma, ya ce ya shirya masa shafin makaranta tare da manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Suka yi ciniki da baki, suka daidaita a kan kuɗi, aka yi aiki, aka biya. Bayan shekara guda sai mai makaranta ya ji labari cewa saurayin nan ya ɗauki wannan manhaja, ya canza mata suna da launi, ya sayar wa wata makaranta da suke gasa da ita. Ransa ya ɓaci, ya ce ai kayansa ne, da kuɗinsa aka yi. Ya nemi a miƙa masa asalin rubutun manhajar, watau jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, wanda sai da shi ake iya gyara ko ƙari, domin ya ba wani ya ci gaba da kula masa. Saurayi ya ce faufau: amfani na sayar maka, basirata tana nan wurina. Kowanensu yana sallah, kowanensu kuma ya yi imani cewa shi aka zalunta. To, wane ne a kan gaskiya?

Kafin mu amsa sai mun tsallake wata tambaya da ke gabanta, wato ko abin da hankali ya ƙirƙira yana iya zama dukiya da ake mallaka. Malamai ba su haɗu a kan wannan da sauƙi ba, kuma bai kamata mu raina hujjar waɗanda suka ƙi ba. Sun ce ilimi baiwar Allah ce, kuma hadisi ya zo da gargaɗi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye. Sun ce idan ka ɗauki akuyar mutum ya rasa akuya, amma idan ka kwafi littafinsa, littafinsa yana nan a hannunsa bai ragu da harafi ɗaya ba. Ina satar take? An ruwaito a cikin Mudawwana cewa Imamu Malik ya karhanta sayar da littattafan fiƙihu. Magabatan Hanafawa kuwa ba su ɗauki amfani tsurarsa a matsayin dukiya ba, sai abin da ake iya kamawa a adana. A zamanin nan ma babban malamin Pakistan, Mufti Muhammad Shafi, ya tafi a kan cewa haƙƙin wallafa ba abin sayarwa ba ne, ko da yake ɗansa, Shaihu Taƙi Usmani, ya rinjayar da halascinsa.

Amma mazhabarmu ta Malikiyya, tare da Shafi'awa da Hambalawa, tana ganin amfani dukiya ne. Don haka ake hayar gida, ake hayar jaki, ake biyan mai koyar da yara Alƙur'ani. Malamanmu na baya kuma sun halatta cinikin littattafan ilimi da suka ga hadda ta yi rauni, kuma in an hana cinikin ilimin ne zai ɓace. Shi kuwa gargaɗin ɓoye ilimi, ya faɗa ne a kan wanda aka tambaye shi abin da mutum ke bukata don addininsa ya ƙi faɗa. Maƙerin da ya nemi ladan garmar da ya ƙera bai shiga cikinsa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait cikin watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci haƙƙoƙi ne na masu su, al'adar zamani ta ba su daraja ta kuɗi, shari'a tana kiyaye su, kuma ba ya halatta a yi musu ta'adi. Ta ƙara da cewa ana iya sayar da su muddin babu garari, babu yaudara, babu algus. Wannan shi ne abin da zuciyata ta natsu da shi. Maganar cewa mai littafi bai rasa komai ba, ba ta cika ba. Yaron da ya yi wata uku yana kwana a gaban na'ura, yana sayen man janareta, yana sayen data, in aka kwashe aikinsa aka raba kyauta, ya rasa abin da ya yi wahalar dominsa, ko da rubutun yana nan cikin na'urarsa.

To, mun yarda dukiya ce. Saura mu san ta wa ce bayan an biya lada.

A nan ina so mai karatu ya tuna da tsofaffin littattafanmu na hannu, irin waɗanda har yanzu ake samu cikin gafaka a zaurukan malamai. Duk wanda ya saba buɗe su ya san cewa a ƙarshen littafi mai kwafa yakan ambaci cewa littafi ya cika, ya rubuta sunansa, sau da yawa kuma ya rubuta sunan wanda aka kwafa dominsa, ya ce shi ne mai shi. Sunan mawallafi kuwa yana can farko, ba mai taɓa shi. Ka ga mutum uku ke nan a kan abu guda: wanda ya ƙirƙira, da wanda ya rubuta da hannunsa, da wanda ya ba da takarda da lada ya mallaki kwafin. Attajirin da ya sa aka kwafa masa sharhin da Ɗan Masani na Katsina ya yi wa Ishiriniya tun ƙarni na 17, yana da iko ya karanta, ya ba da aro, ya sayar, ya bar wa magada. Amma bai taɓa raya wa ransa cewa ya zama shi ne ya yi sharhin ba, kuma bai taɓa tsammanin ya hana a kwafa wa wani ba. Kakanninmu sun rarrabe waɗannan abubuwa tun kafin a zo mana da kalmomin lauyoyi.

Abu na farko da za mu ɗauka daga nan shi ne suna. Jingina aiki ga wanda ya yi shi ba abin ciniki ba ne, domin labari ne, labari kuwa ko dai gaskiya ko ƙarya, kuɗi ba ya mayar da ƙarya gaskiya. Addinin da ya gina ilimin hadisi a kan isnadi, wane ya ji daga wane, ba zai yarda mutum ya ce ni na yi alhali bai yi ba. Mai makaranta ko da ya sayi komai, ba shi da ikon ya ce shi ko ɗansa ne ya rubuta manhajar. Bari in ɗan ratse a nan, domin abin yana ci mini tuwo a ƙwarya: wannan hukunci shi ne kuma hukuncin ɗalibin da zai biya wani ya rubuta masa kundin kammala karatu, ya liƙa sunansa a bango. Mai saye da mai sayarwa sun yi tarayya a cikin shaidar zur, kuma takardar da za a samu da ita za a ci abinci da ita shekara talatin. Wanda ya mayar da wannan sana'a ya binciki abin da yake kai wa iyalinsa.

Abu na biyu shi ne bambanci tsakanin mallakar abu da izinin amfani da shi. Manomin ƙasar Kurfi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan. Ya san gonar saye, ya san gonar aro, ya san haya, ya san jingina. Mutum huɗu suna iya yin noma a gonaki huɗu maƙwabtan juna, kowa da fartanyarsa, mai wucewa ba zai ga bambanci ba, amma guda ɗaya ne kaɗai cikinsu zai iya sayarwa. Imamu Ƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya keɓe babi a cikin littafinsa Alfuruƙ don rarrabe wanda aka mallaka wa amfanin abu, har yana iya ba wani haya ko aro, da wanda aka yi wa izini ya amfana shi da kansa kawai, kamar mai zama a ɗakin makarantar waƙafi. Wannan bambanci shi ne ƙashin bayan mas'alarmu. Wanda ya ce a yi masa manhaja yana iya zama ya sayi izinin amfani kawai. Yana iya zama ya sayi izinin tare da sharaɗin kada a sayar wa abokin gasarsa. Yana iya zama kuma ya saye ta ɗungurungum, har asalin rubutunta, ya zama shi ke da ikon gyarawa da sayarwa. Kowane ɗaya daga cikin ukun ciniki ne halattacce, kowanne kuma da kuɗinsa. Ɓarnar tana zuwa ne a lokacin da mai saye ya biya kuɗin na farko yana zaton ya sayi na uku, ko kuwa mai sana'a ya karɓi kuɗin na uku yana nufin ya ba da na farko.

Mai makaranta zai ce, ai ni na kawo shawarar, ni na faɗa masa yadda nake so. Haka ne. Amma wanda ya je wurin tela ya ce ga irin aikin da nake so a wuyan riga, in an gama riga tasa ce, gwanintar yanka da ɗinki kuwa tana nan wurin tela, gobe zai ɗinka wa wani. Mai buga bulo ya sayar maka da bulo dubu, injin bugawa bai shiga cikin ciniki ba. Saurayin nan ma yana da irin nasa injin: guntayen rubutu da ya tara shekara da shekaru, yana ɗauka daga wannan aiki ya sa a wancan. In aka ce duk wanda ya yi wa aiki ya mallake waɗannan, to aikinsa na farko shi ne zai zama na ƙarshe.

Sai dai shi ma saurayin kada ya yi saurin murna. Akwai abubuwa cikin aikin nan da ba nasa ba ne ko kaɗan. Sunayen ɗalibai, da makinsu, da lambobin wayar iyayensu, da hotunan makaranta, da tambarinta, da tsarin da ta keɓanta da shi wajen auna ɗalibanta, duk ajiya ce aka ba shi. Hukuncinsu hukuncin yadin da aka kai wa tela ne. Fiƙihunmu ma ya tsananta a nan: Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya karanta, ta tabbatar da cewa masu sana'a suna lamunin kayan mutane da suka tafi da su don yin aiki. An yi haka ne don maslahar jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga masu sana'a. Idan saurayi ya kai manhajarsa wata makaranta da sirrin ta farko a ciki, ya ci amana, ko da rubutun nasa ne. Hukuma ma ta kafa dokar kare bayanan mutane a shekarar 2023.

Haka nan adireshin shafin. Da yawa daga cikin masu ba da aiki ba su san cewa sunan shafi haya ake yi ba, ana sabuntawa shekara shekara, kuma wanda aka yi rajista da sunansa shi ne mai iko da shi. Sai saurayi ya karɓi kuɗin makaranta ya yi rajistar sunan makaranta da sunan kansa, ya riƙe kalmar sirri. Wannan a shari'a wakili ne da aka aika ya sayo abu, kuma abin da wakili ya sayo da kuɗin wanda ya aike shi, na wanda ya aike shi ne. Misalinsa maginin da ya gama gina maka shago, ya sa kwaɗo, ya zuba makulli a aljihunsa, ya ce duk ranar da kake son shiga ka neme ni.

Akwai kuma wani abu da samarinmu ba su cika son a faɗa ba. Mafi yawan shafukan da ake yi, a kan aikin wasu ake ɗora su. Shi kansa tsarin shafukan intanet, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro shi a 1989 a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janeba, kuma a 1993 cibiyar ta sake shi kyauta ga duniya. Manhajar WordPress, wadda ta fito a 2003, wadda kuma ɗimbin shafuka suke tsaye a kanta, masu ita sun ba da ita ne a kan sharaɗin kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba, amma kada ya toshe wa na bayansa wannan dama. Ban ce waƙafi ce ta shari'a ba, amma ta yi kama da rijiyar da wani ya haƙa a bakin hanya. Mai ga-ruwa yana da ikon karɓar ladan ɗiba da ɗauka, ba shi da ikon cewa rijiyar tasa ce. Saurayin da ya ɗauko irin wannan, ya yi mata kwaskwarimar kwana biyu, sa'an nan ya ce wa mai makaranta daga kansa ya ƙago ta tun daga tushe don ya tsawwala kuɗi, ya yi algus. In kuma ya rubuta a takarda cewa ya mallaka masa ita baki ɗaya, ya sayar da abin da bai mallaka ba, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana.

Yanzu sai mu koma ga mutanen nan biyu da suka yi ciniki da baki, ba su ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙa'idar malamai ita ce, inda masu ciniki suka yi shiru sai a koma ga al'ada, domin abin da aka saba da shi kamar an shardanta shi ne. Matsalar ita ce sana'ar nan jaririya ce a wurinmu, ba ta da al'adar da mai saye da mai sayarwa suka yi tarayya a kanta. Akwai dai dokar ƙasa. Dokar haƙƙin mallaka ta 1970 ta karkata ne ga wanda ya ba da aiki ya biya. Ta 1988 ta juya al'amarin ta mayar da shi ga wanda ya ƙirƙira. Sabuwar doka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar asalin haƙƙin a hannun wanda ya ƙirƙira sai fa in yarjejeniya ta ce wani abu dabam, ko kuwa aikin na gwamnati ne aka yi ƙarƙashin umarninta. Tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, kuma ba ta karɓar sayar da haƙƙin ɗungurungum sai a rubuce. Bisa wannan, in suka je Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin irin wannan shari'a, mai makaranta da ba shi da takarda zai wahala kafin ya tabbatar da cewa ya mallaki asalin rubutun. Abin da zai samu shi ne izinin ci gaba da amfani da abin da ya biya.

Amma filin nan ba na lauyoyi ba ne. Tambayarmu ita ce, a gaban Allah fa? A nan ne nake ganin nauyi ya fi karkata ga saurayi, ko da doka ta ba shi gaskiya. Dalili kuwa, su biyun ba daidai suke ba wajen sani. Shi ya san akwai asalin rubutu, ya san akwai rajistar suna, ya san zai sayar wa wasu. Dattijon da ke gabansa bai san ko ɗaya ba. A ganinsa ya sayi abu kamar yadda ake sayen babur. Alƙur'ani a cikin Suratun Nisa'i ya hana cin dukiyar juna da ɓarna, ya halatta cinikin da aka yi da yardar juna. Yarda kuwa reshen sani ce. Mutum ba ya yarda da abin da bai san da shi ba. Hadisi ingantacce ya nuna cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyanawa, ɓoyewa kuwa tana shafe ta. Malamanmu sun yi magana a kan mai sayen da ya saki jiki, ya ce wa mai kaya ban san kan abin nan ba, na dogara gare ka, suka ce cutar irin wannan haramun ce. Galibin masu ba da aikin kwamfuta a garuruwanmu irin wannan ne. Saboda haka wajibi ne a kan mai sana'a, tun kafin a yanka kuɗi, ya ce: Alhaji, ga abin da kuɗin nan ya saya maka, ga abin da bai saya ba; wannan manhaja ina sayar wa wasu makarantu; in kana son ta zama taka kai kaɗai, ga kuɗinta. Magana ce ta minti biyar. Wanda ya yi shiru don yana tsoron ciniki ya lalace, ko don yana so ya riƙe mutum a hannu har abada, takardar doka ba za ta wanke shi ba.

Shi kuma mai kuɗi yana da nasa laifin da ya zama ruwan dare. Ana raina aikin da ba a ga gumi a cikinsa ba. Za a biya lebura da yamma, amma yaron kwamfuta sai a ce ai danne-danne ne kawai, ai ɗanmu ne, a ba shi rabi a ce ya dawo bayan an karɓi kuɗin makaranta. Sa'an nan a riƙa kiransa dare da rana, ƙara wannan, canza wancan, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Wani ma sai ya kwafi manhajar ya ba ƙaninsa mai makaranta a wani gari, yana ganin zumunci ya yi, alhali kyauta ya yi da kayan wani. Bukhari ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kansa zai yi husuma da su ranar alƙiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aiki cikakke, ya hana shi ladansa. Hadisin bai ware aikin hannu daga aikin ƙwaƙwalwa ba.

Wannan ke haifar da abin da ake yawan ji, wato yaro ya rufe shafi ana tsakiyar fitar da sakamako, ya ce sai an cika masa kuɗinsa. Malamai da yawa sun yarda mai sana'a ya riƙe abin da ya yi aiki a kansa har a biya shi. Aikin da bai riga ya miƙa ba, yana iya riƙewa. Amma ya kulle wa makaranta bayananta, yara ɗari uku su rasa sakamakonsu, iyayen da suka biya kuɗinsu su yi ta zarya, wannan ya kama wanda ba ya binsa bashi ke nan. Ya kai ƙara wurin manya ko wurin hukuma, ga hanya nan a buɗe.

Maganin duk wannan yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ta kuma hana a ƙosa da rubutawa, ƙarami ne ko babba. Abin mamaki, mu da aka saukar wa wannan aya mu ne muke jin kunyar takarda, sai mutum ya ga kamar in ya ce a rubuta ya tuhumi ɗan'uwansa. Dubi yadda dattijon Madyana ya yi da Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a Suratul Ƙasas: mutanen kirki ne su biyun, har surukuta za ta shiga tsakaninsu, duk da haka aka ambaci shekara takwas, aka ce cikon goma ganin dama ne. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta sake zama a Jidda a 1992 a kan cinikin sa a ƙera abu, ta shardanta a bayyana nau'in abin da siffofinsa da lokacin gamawa, ta kuma halatta biya kashi kashi. Takardar ba sai ta zama da Turanci ba. Ana iya rubuta ta da Hausa, boko ko ajami, shafi guda, a gaban mutum biyu. A faɗi abin da za a yi da ranar gamawa, a faɗi wanda ke da asalin rubutu, da ko an yarda a sayar wa wasu, a sa rajistar adireshi da sunan mai makaranta, a yanka kuɗin kulawa na shekara dabam.

Saura mas'ala guda da ba a cika tunawa da ita ba. Samarin nan ba mazauna ba ne. Wannan zai gama karatu a tura shi bautar ƙasa wata jiha mai nisa, wancan zai samu aiki a Abuja ya canza lambar waya, wani kuma ajali ne zai riske shi. Idan ya rasu, haƙƙinsa na kuɗi a kan manhajar yana shiga cikin gado, a raba wa magadansa kamar sauran dukiyarsa, kuma bashin ladan da yake bin mutane wajibi ne a kai musu ko da ba su san da shi ba. Amma kalmar sirrin da ke cikin kansa ba mai gadonta, ga kuma bayanan mutane a kulle. Fiƙihu ya san hanyar da masu jingina suke bi in ba su amince wa juna ba, watau su ajiye kayan a hannun wani amintacce na uku. Ina ganin a yi haka a nan. Mai sana'ar da ba ya son miƙa asalin rubutunsa ya sa shi a ma'ajiya tare da kalmomin sirri, a rufe, a damƙa wa wanda su biyun suka yarda da shi, lauya ne ko limami ko wani dattijo, da sharaɗin ba za a buɗe ba sai in ya rasu, ko ya bar sana'ar, ko an neme shi tsawon lokacin da aka ambata ba a same shi ba. Duk lokacin da aka canza kalmar sirri kuma, a je a sabunta ta wurin amintaccen.

Allah Shi ne Mafi sani.